Yadda ake sa yara su kamu da son karanta labaran tarihi

Hutun da ya wuce 'ya'yan ƙanwata su uku suka zo mana Birnin Kebbi, muna zaune da dare na tambayi babban, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, na ce wa ye Kanta? Sai ya ce "Kawu ai sunan wata kwaleji ce a Argungu." Wallahi abin ya tsaya min a rai har na kwanta. Yaron ga fa ba wai ba shi da kai ba ne, ya san 'yan ƙwallon Turai kaf har lambar rigar kowa, amma mutumin da ya kafa daular da jiharmu ke amsa sunanta bai san shi ba, kuma ban ga laifinsa ba, don tarihin da ake ba su suna ne da shekara, su haddace su zuba a jarabawa su fito su manta.

Abin da na yi da su cikin sati biyar ɗin nan shi zan faɗa, daki daki, don na ga ya yi aiki. Hanyar ita ce ta littafin ƙagaggen labari da aka gina kan tarihi, wato marubuci ya ɗauki zamani na gaske da garuruwa na gaske ya saka mutum ɗaya a ciki mai suna mai uwa mai jin yunwa da tsoro, sai yaro ya bi shi. Yaro ba ya bin shekara, mutum yake bi.

Mataki na farko, ka zaɓi littafin kuma ka karanta shi kai kaɗai tukuna kafin ka kai gabansu. Da Hausa muna da biyu da nake ganin babu kamarsu wajen farawa, duk biyun sun fito ne daga gasar rubutu da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja. Akwai Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganɗoki na yaƙi ne da kirari da bugun ƙirji, ya faro daga lokacin da Turawa suka shigo suna cin garuruwan Arewa, yaro ɗan shekara tara ma zai zauna masa. Shaihu Umar kuma sanyi gare shi da ban tausayi, labarin yaron da aka sace aka bi da shi ta Kano aka ƙetara Sahara da shi hannun wani Balarabe Abdulkarim, uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wannan ni sai yaro ya kai sha ɗaya ko sha biyu nake ba da shawara, kuma shi ya sa na ce ka fara karantawa, don ka san inda za ka sassauta murya da inda tambaya za ta taso. Littattafan ba su da kauri kuma ba su da tsada can, ka duba wajen masu sai da littattafan makaranta a kasuwa, in babu ka tambayi duk wani malamin Hausa na sakandare, da wuya ka rasa tsohon kwafi a wajensa. In ka samu naira biyar ta takarda ka nuna musu hoton da ke jiki ka ce wannan shi ya rubuta, yana malamin makaranta a Bauchi tun kafin ya zama Firaminista. Yaran sun juya kuɗin nan ya fi sau goma.

Na biyu lokaci. Mu bayan isha'i muke yi, an ci tuwo an wanke hannu, a shimfiɗa tabarma tsakar gida, wayoyi duka har tawa a tara su cikin ɗaki sai ɗaya da za a haska in an ɗauke wuta. Minti ashirin ya isa, kar ka ja har su fara hamma, kuma ka tsaya daidai inda abu ya ɗau zafi ka rufe littafin ka ce sai gobe. Za su yi ta magiya, kar ka yarda. Kwana uku na farko kai za ka karanta da ƙarfi, ka canza murya in sarki ke magana, ka ja kirari yadda maroƙi zai ja shi, rana ta huɗu sai ka miƙa wa babban ka ce maƙogwarona ya bushe ɗan ci gaba mana. Zai yi tuntuɓe a ƙ da ɗ da ɓ, yaranmu da yawa sun fi saba karatun Turanci, ka bar shi, kar ka riƙa tare shi kowane layi don kunya za ta kama shi gaban ƙannensa ya ajiye.

Na uku kalmomi, kuma nan ne tsofaffin gida ke shigowa. Za ku ci karo da lifidi, sulke, kwalkwali, barde, madugu, ayari, zango, fatake, ganuwa, kuɗin wuri. Na saya musu littafin rubutu ɗan ƙarami, duk kalmar da ba su gane ba su rubuta, ni kuma ko na sani ba na faɗa, sai in ce gobe da safe ku tambayi Inna. Mahaifiyarmu da farko cewa ta yi mi ya haɗa ta da boko, amma ranar da ƙaramar ta je ta durƙusa ta ce "Inna mi ne ne wuri?" sai ga ta ta tashi ta buɗe tsohon kwallanta na adana kaya ta lalubo guda huɗu da suka rage jikin wani tsohon abin ado, ta zuba wa yarinyar a tafin hannu, farare ƙanana masu tsaga a ciki, ta ce da irin wanga kakanninmu ka sayen hatsi da gishiri. Yarinyar ta kwana da su ƙarƙashin filo. Daga ranar Inna ta riƙa jawo kujerarta kusa da tabarmar in an fara karatu.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma shi mutane ke tsallakewa. Dole yaro ya koyi raba abin da ya faru da abin da marubuci ya ƙaga, in ba haka ba ka cika masa kai da tatsuniya yana ɗauka tarihi ne, ko kuma ya watsar da duka ya ce ƙarya ce. Muna cikin Ganɗoki, an kai inda ya nausa gabas ya shiga harkar aljanu, sai na tsakiyan ya ɗaga kai ya ce "Kawu, da gaske an yi haka?" Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Na sa suka ɗauko takarda suka ja layi tsakiya, gefe ɗaya suka rubuta "ya faru", ɗaya gefen "marubuci ya ƙaga". A gefen ya faru muka sa Kwantagora, gari ne yana nan a jihar Neja, muka sa Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, muka sa cewa sojojin Ingila sun ci garin a 1901, kuma bayan shekara biyu a 1903 suka shiga Kano da Sakkwato. Yaƙi da aljanu muka tura shi ɗaya gefen. A Shaihu Umar ma haka, cinikin bayi ta Sahara ya faru, ayarin raƙuma daga Kano zuwa Tarabulus ya faru, amma hirar da Umar ya yi da uwarsa marubuci ne ya tsara ta. Wani abin za ku rasa inda za ku sa shi, to ku buɗe gida na uku ku rubuta "sai mun tambaya", ba abin kunya ba ne ka ce wa yaro bari mu bincika tare. Sannan ka tambaye su, in ƙagawa ya yi to don mi ya ƙaga haka? Babban ya ce don mu ji yadda uwa ke ji in an sace mata ɗa. Ban ƙara masa komai ba.

Maganar bauta kar ka kauce mata. Za su tambaya ko mutanenmu ma sun yi, ka ce sun yi, an kama mutane a hari an sayar, kuma zalunci ne. Ka faɗa a natse gwargwadon shekarunsu.

Na biyar, ka ɗauke su ka kai su su taka ƙasar da ƙafarsu. Mu nan Kebbi Allah ya hutar da mu, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ba wata tafiya ba ce, ka je ka dawo kafin la'asar. Gidan tarihin Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, a ciki za su ga masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su, wato na kamun kifi, abubuwan da suka rubuta a ɗan littafinsu ga su a zahiri. Tun a mota na ba su labarin Muhammadu Kanta, yadda ya bi Askiya na Songai yaƙin Agadas, suka saɓa kan rabon ganima wajen 1516, ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa, ya gina Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yau cikin jihar Sakkwato. Suramen ban kai su ba, kuma ko ina za ku je ka fara tambayar lafiyar hanya, kar ka ɗauki 'ya'yan mutane ka shiga inda ba ka da labari.

Akwai wani abu da za ka yi hattara da shi nan gida. Yaron Gwandu da yaron Argungu labarin yaƙi ɗaya suke ji amma kowa da bakin da ya ji shi. Rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa daga baya suka kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru. Ajin su yaran ga akwai jikokin kowane ɓangare, wani ma gida ɗaya uwa can uba nan. Ni abin da na yi, na ba su duka biyun, na gaya musu irin ilimin Abdullahin Gwandu da littattafan da ya bari da hubbarensa da ke Gwandu, na gaya musu irin jarumtar Kabawa da suka ƙi sunkuyawa, sannan na kai su bakin kogin Matan Fada na ce a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka yi masa bikin su don murnar zumunci ya maye gaba, daga nan bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali. Suka tsaya suna kallon ruwan shiru, wani masunci na gefe yana gyaran homarsa, ƙaramar ta je ta taɓa goransa.

Na ƙarshe, in littafi ya ƙare ka sa su rubuta nasu. Shafi ɗaya kawai, da sharaɗi biyu, a sa abu ɗaya na gaske da aka tabbatar daga babba ko daga littafi, kuma jarumin ya zama yaro sa'arsu. Wannan ya fi amfani wajen 'yan mata, don littattafan nan biyu maza suka cika su, shi ya sa na zauna na ba ƙaramar labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, an haife ta 1793 ta rasu 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajis, mata shugabanni masu sa malfa suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Ita sai ta rubuta labarin wata yarinya da ke riƙe wa jaji butar ruwa a hanya, ƙaya ta soke ta a ƙafa amma ta ƙi faɗa don kar a ce ta koma gida. Na tsakiyan ya rubuta yaron da ubansa ya ba shi riƙon gora ranar da Sarkin Musulmi ya zo Argungu. Kar ka ɗauki jan biro ka bi rubutun da gyara, ka sa kowa ya tashi ya karanta nasa a tabarmar nan gaban Inna, ita ce za ta ce wannan haka ake yi a da, wannan kuma a'a. A na babban ta gyara masa abu ɗaya, ya sa fatake suna shan shayi da burodi a zango, ta ce fura ce da ƙuli, ya goge ya sake.