Koyon jita da waƙa ga wanda ya fara da girma

Kafin ka ɗora wa yatsunka laifi, duba jitar tukuna. Da yawa daga cikin masu araha da ke shigowa Gusau da Birnin Kebbi, tsarkiyoyinsu sun yi nisa da wuyan jitar, ko ƙwararre sai ya sha wuya kafin ya danne su. Nemi ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da aka jera a wuyan, inda galibi ake sa ɗigo biyu, ka auna tazarar da ke tsakaninsa da tsarkiya mafi kauri. A jita mai tsarkiyar ƙarfe, milimita 2.5 daidai ne. In ta kai 4, kai wa mai gyara ya rage tsayin jakin da tsarkiyoyin ke hawa. Makaɗan coci, irin na Zuru, sukan san wanda ya iya wannan aiki. Jita mai tsarkiyar roba ta fi sauƙi ga sabon hannu, amma kada a ɗaura mata ta ƙarfe, wuyan zai lanƙwashe. In mai ƙarfe ce a hannunka, sayi sirara, lamba 10 ko 11.

Tsarkiyoyi shida ne, ana ƙirgawa daga siririyar da ke ƙasa. Daga ta 6 zuwa ta 1 sautinsu E, A, D, G, B, E. Sauke manhajar saita jita a waya, ka saita duk lokacin da za ka kaɗa. Sababbin tsarkiyoyi sukan yi ta saki na 'yan kwanaki, ba lalacewa ba ce.

Yanke farcen hannun hagu ƙwarai. Danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfe, babban yatsa kuma yana tokare da bayan wuyan. In ka ji "zzz", yatsan ya yi nisa da ƙarfen ko dannawar ba ta isa ba. In sautin ya mutu, wani yatsa ne ya kwanta kan tsarkiyar maƙwabciya. Kan yatsu zai yi zafi mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi kanta. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma kada ka kama jita da ka gama alwala ko wanki, fata ta yi laushi, tsarkiya za ta ci ta. Ciwon wuyan hannu daban ne. In ka ji shi, ajiye, ka gyara zama.

Fara da kamu uku, wato yadda ake jera yatsu kan tsarkiyoyi su ba da sauti tare. Gida kuma shi ne filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wuyan, ana ƙirgawa daga kan jitar. Em: yatsan tsakiya da na zobe a gida na 2 na tsarkiya ta 5 da ta 4. Am: manuni a gida na 1 na tsarkiya ta 2, na tsakiya a gida na 2 na ta 4, na zobe a gida na 2 na ta 3. Daga Am zuwa C yatsa ɗaya kawai ke motsi, na zoben ya koma gida na 3 na tsarkiya ta 5. Ƙyale kamun F sai an kwana biyu, shi ke sa mutane jingine jita a bayan ƙofa.

Inda manya suka fi tuntuɓe shi ne haɗa kiɗa da waƙa. Da an buɗe baki sai hannun dama ya bar bugunsa ya koma bin kalmomi. Dalili kuwa, hankali ba ya lura da sababbin abubuwa biyu a lokaci guda, dole ɗaya ya zama jiki. Don haka sa manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti, ka riƙa kaɗawa ƙasa sau ɗaya a kowane bugu, kana sauya kamu bayan bugu huɗu. Ko hagu bai gama kamawa ba, dama kada ya tsaya. Sai ka iya yin haka kana amsa maganar wani, sannan ka matsa gaba: yi gunjin karin waƙar baki rufe, bayan nan ka faɗi kalmomin kamar magana a kan bugun, daga ƙarshe ka rera. Rubuta baitin a takarda, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da kamu ke sauyawa a kanta.

Waƙar Hausa tana da nata sharaɗi. Gaɓa mai tsawo da gajera su ke riƙe da karin, in ka matse mai tsawo don ta shiga bugu, kunnen Bahaushe zai ji nan take. Rage gudu ya fi. Fara da amshi, tunda gajere ne kuma yana maimaituwa. Waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya, shi ya sa Am da Em, ko Am da G, kan ɗauki waƙa sukutum. Wasu kuma bugunsu uku-uku ne. In ƙirgar huɗu ta ƙi zama, gwada shida, kana ƙarfafa na 1 da na 4.

In waƙa ta yi wa muryarka ƙasa, kada ka sauya kamu. Sayi kafo, ɗan maƙalen da ke danne tsarkiyoyin duka, ka matsar da shi gida-gida har muryar ta zauna ba tare da ka tilasta maƙogwaro ba. Ɗauki kanka a waya sau ɗaya a mako, za ka ji inda kake gaggawa.

Hunturu na busar da katako har ya tsage, bakin ƙarafan wuya ya fito yana kartar hannu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ajiye jitar cikin jakarta, tare da ɗan soso mai danshi a leda da aka huda, kada ya taɓa katakon. Da bazara kada ka bar ta cikin mota ko jikin bangon da rana ke duka, gam ɗin jakin zai saki. Da damina kuma tsatsa ce matsalar, goge tsarkiyoyin da busasshen ƙyalle duk sanda ka gama.