Yadda ake sa furogiram ya ga laburarinsa a Linux

Ɗaliban Kadpoly da KASU da ke koyon C kusan dukkansu wuri ɗaya suke maƙalewa, gcc, manhajar da ke haɗa furogiram, ya gama aikinsa lafiya lau amma da an kunna furogiram ɗin sai ya ce "cannot open shared object file", sai ka ga mutum yana ta sake haɗawa har cajin laftof ya ƙare, alhali ba a can matsalar take ba.

Sau biyu ake neman laburari, wato fayil mai ɗauke da ayyukan da aka riga aka rubuta waɗanda furogiram ɗinka ke amfani da su. Na farko lokacin haɗawa, ld, mai haɗa furogiram da laburarinsa, ne ke nema. In ka rubuta -lz zai je ya nemo libz.so, in kuma ka ajiye shi a wani lungu sai ka nuna masa da -L. Ka sa -lz ɗin bayan fayilolinka, don daga hagu yake bin su. In ya ce "cannot find -lz" a Ubuntu to zlib1g-dev ne babu, ka sauke, ba ya cin data.

Na biyun shi ne rigimar. Lokacin kunnawa ld.so, mai loda laburari, ne ke nema, kuma shi babu ruwansa da -L ɗin da ka rubuta ɗazu, sunan da aka ajiye a cikin furogiram kawai yake karantawa, kamar libz.so.1, sai ya duba /etc/ld.so.cache (jerin inda laburarori suke) da /lib da /usr/lib. Saboda haka kafin ka taɓa komai ka buga ldd da sunan furogiram, layin da ya ce "not found" shi ne mai laifi. In make install ka yi ya zuba a /usr/local/lib to yawanci sudo ldconfig kaɗai ya isa, don cache ɗin ba ya sabunta kansa. In a /opt yake, ka buɗe fayil a /etc/ld.so.conf.d mai ƙarewa da .conf ka rubuta hanyar a ciki, ka sake ldconfig.

LD_LIBRARY_PATH, inda ake nuna wa ld.so ƙarin wuraren dubawa, na gwaji ne kawai, ni ban yarda a sa shi a .bashrc, fayil ɗin da bash ke karantawa duk lokacin da ka buɗe terminal, ba, wata rana zai jawo wa wani furogiram tsohon laburari ka rasa gane kan abin. In kwamfutar makaranta ce ba ka da sudo, wato ikon admin, ka haɗa da -Wl,-rpath,'$ORIGIN/lib' ka zuba laburarin a lib kusa da furogiram, kar dai ka cire alamomin nan na gefe don bash zai haɗiye $ORIGIN, wanda ke nufin inda furogiram ɗin yake. Sauran -I (inda fayilolin .h suke) da -L ɗin ka bar wa pkg-config --cflags --libs, tare da sunan laburarin, ya fitar maka.