Babi na 6: Idan Hazon Hunturu Ya Rufe Ka a Hanya

Darasi na 1: Kafin a bar tasha

'Yan'uwa ɗalibai, barkanku da sanyi. Wannan babi na direbobi ne da yaran mota, har da fasinjan da yake zama gidan gaba. Ku karanta a hankali. Wanda bai iya haɗa baƙi ba tukuna, na kusa da shi ya karanta masa, babu abin kunya a ciki.

Mu ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu. Tafiya ce ta kusan kilomita 600. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙurar hamada, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Mai zuwa Maiduguri ya tunkari inda ƙurar take fitowa kenan. Sai ka baro Kano gari garau, kafin ka kai Potiskum hazo ya sauka, tirelar da ke gabanka ma ta ɓace maka.

Saboda haka kafin ka yi lodi, ka sa bargo da rigar sanyi a mota, da jarkar ruwa, da tsumma mai tsabta, da tocila, da jar alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Wayarka ta kasance da caji. Sannan yaron mota ya tsaya a baya, kai kuma ka taka burki. Ya ga jan wuta gefe biyu? Idan ɗaya ta mutu, a canza ƙwan tun a tasha.

Darasi na 2: Fitila

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Fitilar gaban mota haske biyu gare ta. Akwai mai dogon zango, wadda direbobi suke ce wa ful. Akwai mai haska ƙasa kusa da mota, wadda suke ce wa dim. Idan hazo ya sauka, dim ake sawa. Ko da rana tsaka ce, a kunna dim, domin mai tahowa ya gan ka.

Yaya za ka san wadda ka kunna? Dubi allon da ke bayan sitiyari, inda allurar gudu take. Idan ka ga 'yar alama shuɗiya, kalar bular wanki, to ful ce a kunne. Shuɗi yana nufin ful. A cikin hazo ba ma son ganin shuɗi. Taɓa sandar fitilar har shuɗin ya mutu.

Na san abin da zuciya take raya muku: ba na gani, bari in ƙara haske. Ku gwada a gida. Ku haska tocila cikin hayaƙin murhu, me za ku gani? Farin bango kawai. Haka ƙura take yi wa ful, tana dawo maka da hasken cikin ido, sannan ka kashe wa mai tahowa nasa idon. Madalla da waɗanda suka gane. Mu maimaita tare: hazo, dim. Shuɗi, a kashe.

Bayan fitila sai gudu. Ɗaga ƙafarka daga totur a hankali, kada ka danna burki da ƙarfi, na bayanka bai san ka tsaya ba. Bar rata tsakaninka da motar gaba. Ga yadda ake aunawa: idan ta wuce wata bishiya ko turken hanya, fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ba da sauri ba. In ka iso bishiyar kafin ka kai biyar, ka matse ta da yawa. Kada kuma ka liƙe wa jan wutar tirela wai tana nuna maka hanya. Ranar da ta faɗa rami, tare za ku faɗa. Batun shan gaban mota a cikin hazo kuwa, a manta da shi.

Yanzu wace fitila muka ce? Dim. Makon jiya na yi wannan tambaya, fiye da rabin aji suka ce ful, har da masu furfura, masu shekara ashirin a kan sitiyari. Haba, Alhazai! Rayukan mutane kuke ɗauka, ba buhunan gero ba. Ban hana ku alfahari da daɗewa a hanya ba, amma hazo bai san tsohon direba ba. Ku sake dubawa: akwai shuɗi a allo? A kashe shi.

Darasi na 3: Idan dole a tsaya

In ka daina ganin gefen kwalta, tafiya ta ƙare sai hazo ya yaye. Gara ka lallaɓa zuwa gidan mai ko cikin gari. Idan babu, sauka daga kwalta gaba ɗaya, tayoyi huɗu duka, ba biyu ba. Kunna siginar da take walƙiya gefe biyu. Maɓallinta ja ne mai kusurwa uku. Yaron mota ya kai alama baya, taku hamsin ko fiye. Ganyen da kuke karyawa ku zuba a titi, wa zai gan shi cikin hazo? Fasinjoji su fito su yi nesa da titi.

Lambar jami'an kiyaye haɗura ita ce 122. Ɗaya, biyu, biyu. Rubuta ta a bangon wannan littafi yanzu. Akwai kuma 112 ta neman agajin gaggawa.

Idan hazo ya lafa za ka hau hanya, dim.

Darasi na 4: Sanyin dare

Kada a shigar da kaskon gawayi cikin mota. Kada a kwana inji yana aiki an rufe gilasai. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A lulluɓa da bargo, yara da tsofaffi a fara ba su.

Darasi na 5: Gilashi

Kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi. Zuba ruwa tukuna.

Aikin gida

Rubuta wannan sau goma a littafinka: "Cikin hazo dim ake sawa." Wanda bai kawo ba ranar Asabar, a allo zai rubuta a gaban kowa.