Kwana ɗaya a dajin Amurka tare da kare: abin da sabon zuwa zai shirya

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kare a daji. Yana gaban mafarauci ko yana bayan garke, babu igiya a wuyansa, ya sha ruwa inda ya gani, ya kwanta inda dare ya yi masa. To ɗan'uwa, idan ka zo Amurka ka ajiye wannan sanin a gefe. A nan kare a daji kaya ne a wuyanka: doka ta san da shi, ma'aikatan gandun daji za su tambaye ka a kansa, kuma duk abin da ya same shi kai za ka ɗauko shi a kafaɗa zuwa mota. Ko yaranka ne suka matsa aka samo kare, ko abokin aiki ne ya gayyace ka yawon daji da nasa, shirin iri ɗaya ne.

Fara da wurin, domin a nan sababbi suka fi yin asarar mai da lokaci. Dazuzzukan gwamnatin tarayya ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba. Manyan gandayen shaƙatawa na ƙasa, waɗanda sunansu ke ƙarewa da National Park, akasarinsu sun hana kare hawa hanyoyin ƙafa na cikin daji. A Great Smoky Mountains hanyoyi biyu kacal aka yarje masa, ta Gatlinburg da ta bakin kogin Oconaluftee. A Yosemite sai inda aka shimfiɗa kwalta da sansanonin da mota ke shiga. Dazuzzukan da ake kira National Forest kuwa sun fi sauƙi, kare na bin kusan kowace hanya, kuma a wurare da yawa kana iya kafa tanti inda ka zaɓa.

Ga mazauna Washington da Maryland da Virginia, gandun Shenandoah ya fi dacewa da gwajin farko. Tazararsa da Washington kamar mil 75 ce, yana da hanyoyin ƙafa sama da mil 500, kuma waɗanda aka hana kare ba su kai mil 20 ba. Sai dai cikin waɗanda aka hana akwai waɗanda kowa ke son hawa, irin su Old Rag da Dark Hollow Falls, don haka duba sunan hanyarka a shafin gandun kafin ka tayar da mota. Kwana a cikin daji sai da takardar izini, ana yankarta a shafin intanet na Recreation.gov. Hura wuta a inda ka yada zango haramun ne, girki sai a ƙaramin risho na gas. Igiyar kare kada ta wuce ƙafa 6, wato ƙasa kaɗan da mita biyu, kuma a hannunka take dare da rana. Igiyar nan mai naɗe kanta wadda ke sakin kare ya yi nisa, bar ta a gida.

Kafin tafiya da sati uku ko huɗu a kai shi wurin likitan dabbobi. Allurar ciwon haukar kare wajibi ce, a Virginia doka ta ce a yi ta da zarar ya kai wata huɗu, kuma yana da kyau hoton takardar ya kasance a wayarka. Ka gaya wa likitan cewa daji za ku kwana, zai yi maka maganar rigakafin cutar da ake ɗauka daga ruwan da namun daji suka yi fitsari a ciki, da maganin kaska irin su NexGard ko Bravecto. A wuyan karen a rataya ɗan ƙarfe mai lambar wayarka. A yanke masa farce, saboda farce ɗaya ya isa ya yaga ƙasan tanti ko ya huda katifar iska cikin dare. Ɗan kwikwiyon da bai cika shekara ba ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kada a ɗora masa kaya ko doguwar tafiya. Karnuka masu gajeren hanci, irin bulldog da pug, numfashinsu ba ya ɗaukar hawan dutse.

Karen da iyakarsa zagayen unguwa na minti ashirin ba zai tashi rana ɗaya ya yi mil goma ba. Dagin ƙafarsa ya saba da ciyawa da kafet, dutse zai goge shi har ya yi jini. A riƙa ƙara masa tafiya kowane mako, a kan tsakuwa da tudu. Tafiyar farko mil uku zuwa biyar daga mota ta wadatar. Ma'aunin shi ne wannan: kada ka yi nisan da ba za ka iya goyo shi ka dawo ba. Sannan a kafa tantin a falo ko a bayan gida a kwana ɗaya da shi a ciki. Karen da bai taɓa jin iska na kaɗa tanti ba haushi zai kwana yi, ya hana ka barci, ya hana duk wanda ya sauka kusa da ku.

Yana iya ɗaukar nasa kayan a jaka mai aljihu biyu da ake ɗaura masa kamar mangalar jaki. Iyaka ita ce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, amma sabon shiga a tsaya a kashi 10 cikin 100: kare mai kilo 25 ya ɗauki kilo biyu da rabi, har da nauyin jakar. A auna ɓangarorin biyu su yi daidai, in ba haka ba jakar za ta karkace ta goge masa hamata. Ɗaurin ya zama yatsu biyu na shiga tsakanin maɗauri da fata. Abin da ruwa zai ɓata a sa shi a leda tukuna, domin da ya ga rafi zai faɗa ciki da kayan.

Ruwa shi ne abu mafi nauyi, shi ne kuma aka fi yi wa ƙwauro. Kare na zaune a gida yana shan kamar mililita 60 a kan kowane kilo na jikinsa a rana, wato mai kilo 25 lita ɗaya da rabi. A kan hanya ka lissafa ninki biyu. Ba za ka iya ɗaukar naka da nasa na kwana biyu duka ba, don haka zaɓi hanyar da ke da rafi, ka tafi da ƙaramar matata irin Sawyer, ko ka tafasa ruwan minti ɗaya. Ruwan rafin nan garau yake kamar na randa, amma yana iya ɗaukar ƙwayoyin da ke sa gudawa ta makonni, ga mutum da kare baki ɗaya. Ka riƙa ba shi a kwanonsa duk rabin awa, don kada ƙishi ya kai shi ga kududdufi. Ruwan da ya kwanta ya yi gansakuka kore kamar an zuba fenti kuwa, ko kusa kada ya je. Akwai nau'insa mai dafi da ke kashe kare cikin 'yan sa'o'i.

Abinci a ba shi wanda ya saba, a ƙara kamar rubu'in abin da yake ci kullum, da guzurin kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Sabon abinci a daji zawo yake kawowa, zawo a cikin tanti kuwa ba sai an yi bayani ba. Kula da guzurinka ma. Haɗin gyaɗa da ake sayarwa don matafiya yana da zabibi da cakulan, dukansu guba ne ga kare, zabibi har ƙoda yake lalatawa. Kilishi da dambun nama da ka yi a gida suna da albasa da tafarnuwa, su ma suna ɓata masa jini. Cingam da ba sukari yakan ƙunshi wani sinadarin zaƙi mai suna xylitol, ɗan kaɗan ya isa ya kayar da shi.

Idan kun isa zango, a nisanci ruwa da kamar taku 70 kafin a kafa tanti. A Shenandoah akwai baƙin beyar da yawa, wato ƙaton naman dajin nan da ake kira bear, kuma hancinsa ya fi na karenka. Duk abin da ke da ƙanshi, abincinka, nasa, kwanonsa, man goge baki, turare, shara, ba ya kwana a tanti. Ko dai a kulle a gwangwanin da beyar ba ya iya buɗewa a ajiye nesa, ko a rataye a reshe, aƙalla ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiyar. A lalube aljihun jakar karen, a nan ake manta ɗan biskit ɗinsa. Dalilin igiya ma ke nan. Karen da aka saki yakan bi beyar da haushi, in beyar ya juyo sai ya ruga wurin mai shi, ya jawo maka shi har gabanka. In kun haɗu a hanya, ka matso da karen jikinka, ka yi magana da ƙarfi, ka ja da baya a hankali kana fuskantarsa. Gudu ne bai kamata ba.

Maganar wurin kwanansa ita ce ta fi damun mutanenmu, kuma da gaskiyarsu. Ɗaure kare a bishiya a waje a shiga tanti a yi barci ba daidai ba ne a wannan daji: igiya ta hana shi gudu, ga namun daji, ga sanyi. A kan tsaunukan Shenandoah sanyi ya fi na gari sosai, ko a watan Mayu dare na iya kaɗa haƙora, kuma ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki. Mafita ita ce tanti mai ɗan faɗi, na mutum uku idan ku biyu ne, a ware masa gefen ƙafa da guntuwar tabarmar soso da tsohon bargo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba ya nemi tanti mai rumfa a bakin ƙofa, karen ya kwanta a rumfar, igiyar ta shigo ta ƙasan zif tana ɗaure a hannunsa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke abin da ya sa baki a ciki sau bakwai. A aikace dai kwanonsa daban, naka daban, sallaya da rigar salla a cikin leda mai rufi. Kafin ka tayar da kabbara ɗaure shi a bishiya inda kake ganinsa.

Kashinsa ba a barinsa a fili. Ko a kwashe a leda biyu a fito da shi, ko a haƙa rami mai zurfin inci 6 zuwa 8 nesa da ruwa da hanya a binne, banda ledar.

Sai kaska, wadda ta fi beyar yi wa mutane illa a gabashin Amurka. Ba irin ƙatuwar da muka sani a jikin shanu ba ce. Babbarta kamar ƙwayar riɗi take, ƙaramarta ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma ita ke ɗauke da cutar Lyme mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Yawanci sai ta yi kwana ɗaya ko fiye a maƙale kafin ta sa cutar, shi ya sa bincike kowane dare yake da amfani. Kunna tocila, bi jikinsa da yatsu a hankali: cikin kunne, ƙarƙashin abin wuya, hamata, tsakanin yatsun ƙafa, gindin wutsiya. In ka ji ɗan ƙullutu, buɗa gashin, kama ta da hantsaki daf da fata, ja sama a miƙe ba murɗawa. Kada a ƙona ta da ashana ko a shafa mata man shafawa. Sannan ka duba naka jikin, musamman bayan gwiwa da ƙugu. A fatarmu baƙa jan zoben da likitoci ke cewa a lura da shi a inda kaska ta ciza ba ya fitowa sosai, don haka zazzaɓi bayan dawowa daga daji ya isa dalilin zuwa asibiti, ka kuma ambaci kaska da bakinka. Maganin sauro mai sinadarin DEET na mutum ne, ba a fesa wa kare.

Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku, poison ivy. Karen yakan ratsa ta lafiya, amma man ganyen na maƙalewa a gashinsa, ka shafa shi, bayan kwana biyu hannunka ya yi ƙuraje masu ruwa. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin ya shiga tanti. Macizai masu dafi iri biyu ne a yankin, suna son duwatsun da rana ta gasa. In maciji ya sari karen babu tsaga, babu tsotsa, babu ɗaure ƙafa da igiya yadda aka saba a gida. A ɗauke shi, a rage masa motsi, a nufi likita. Lambar asibitin dabbobi mai aikin dare mafi kusa a rubuta ta a takarda tun daga gida, saboda waya ba ta samun sabis a kwazazzabai.

Zafi ma yana kashewa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jiki, kuma zai yi ta bin ka har ya faɗi. Harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, yana neman inuwa yana kwanciya: a tsaya nan take, a sauke masa jaka, a jiƙa masa ciki da hamata da dagi da ruwa mai sanyi. A watannin Yuli da Agusta a yi tafiyar da sassafe. A jakar magani a sa bandeji mai manne kansa, hantsaki, da safa ko takalmin kare don dagin da ya yanke. Paracetamol da ibuprofen naka ne, ba shi ko ƙwaya ɗaya na iya kai shi asibiti.

Wanda ya zaɓi dajin George Washington National Forest da ke makwabtaka da Shenandoah ya sani ana farauta a can, a cikin Shenandoah kuwa an hana. A watan Nuwamba masu harbin barewa sun cika dajin, don haka kai da karen ku sa riga mai launin lemo mai ƙyalli. Kafin ku fita a bar wa wani a gida sunan hanyar, inda aka ajiye mota, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai kira lambar agajin gaggawa ta 911.