Yadda ake lissafin awa nawa jirgi ke yi daga Injamena zuwa Jidda

Duk lokacin Umra sai ka ji ana gardama a majalisa, wannan ya ce awa shida ne wancan ya ce a'a awa biyu ya yi da zai dawo, alhali jirgi ɗaya suka hau. To ga yadda ake yi.

Fara da nisa. Kar ka ɗauki wanda Google Maps ke ba ka na mota, wannan na titi ne, jirgi kuwa miƙewa yake yi. Daga filin jirgin Hassan Djamous na Injamena zuwa Jidda kusan kilomita 2,800 ne a miƙe. Babban jirgi yana cin wajen kilomita 800 a awa, ka raba ka samu awa uku da rabi, sai ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, awa huɗu ke nan. Ni dai ina ƙara wani abu a kai, don tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 jirage da yawa ba sa ratsa samanta, zagaye suke yi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne agogo. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da kake ciki ne, na tashi agogon Chadi, na sauka agogon Saudiyya, kuma Saudiyya ta riga mu da awa biyu, mu da Kamaru da Najeriya duk agogonmu ɗaya. Idan tikiti ya ce tashi ƙarfe 10 na dare sauka ƙarfe 4 na asuba, ba awa shida ba ne malam, cire biyu, huɗu ne. A dawowa kuma ƙarawa ake yi, ka bar Jidda 8 na safe ka sauka 10 na safe, awa huɗu ka yi a sama ba biyu ba. Kuma in za ka gaya wa mai tarbarka lokaci ka ba shi wanda ke kan tikitin yadda yake, kar ka yi masa wani lissafi, nan ne ake barin tsohuwa zaune da jaka tana jiran ɗan da bai ma fito daga gida ba.

In ta Addis Ababa za ka bi, wanda sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, to lissafi biyu za ka yi, wajen awa huɗu zuwa can sannan biyu da rabi zuwa Jidda, ka haɗa da zaman jira, shi ne ma ke cin rai. Agogon Habasha da na Saudiyya ɗaya ne, sau ɗaya kawai za ka cire awa biyun.

Sauran kuwa sanannu ne, ka isa fili awa uku kafin tashi, 'yan Kusiri ta Kamaru ku ƙara lokacin tsallake gadar Ngeli zuwa Injamena da duba takardu, kuma ku tambayi lokacin rufe boda in jirgin na dare ne.