Kurakuran Mai Koyon Jitar Filamenko da Girma, Babu Malami

Wanda ya ɗauki jita bayan ya haura arba'in, yatsunsa ne ke fara ba shi tsoro: sun yi tauri, ba sa gudu. Ni ma da wannan fargabar na fara. Sai da tafiya ta yi nisa na gane ba taurin yatsu ke kayar da mai koyo shi kaɗai ba. Abin da ya rasa shi ne mutumin da zai ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata, ka fita daga ƙidaya."

Ƙidayar nan ita Sifaniyawa ke kira kompas, suna rubuta ta compás. Filamenko kiɗan Andalus ne, a kudancin Sifaniya, kuma da yawa daga cikin salonsa suna da zagayen bugu da ba a yi masa ƙari ko ragi. Salon soleya, da alegiriyas ta garin Kadis, da buleriyas ta garin Heres, duk a kan bugu 12 suke tafiya, nauyi yana sauka a kan 3, 6, 8, 10 da 12. Mai koyo a ɗaki yakan haddace wani ɗan yanki mai daɗi, wanda ake kira falseta, ya yi ta maimaita shi. Inda ya yi wuya ya sassauta, inda ya yi sauƙi ya ƙara wuta, wani lokaci ya haɗiye bugu guda bai sani ba. A hankali kunnensa ya saba da kuskuren har ya zame masa daidai. Na yi watanni ina kaɗa wata falsetar soleya da bugu 11. Ranar da na naɗi kaina a waya, na zauna ina ƙirgawa da yatsa, na ji zafin abin ƙwarai, don gyara abin da hannu ya riga ya saba ya fi koyon sabo wuya.

Maganin yana farawa ne da ajiye jitar. Kunna soleya ta wani mawaƙi, ka ƙirga da baki, ka tafa a kan lambobin nauyi kawai, kullum, har ka iya barin ƙirgawa na ɗan lokaci ka dawo ka tarar kana daidai. Daga nan ka ɗauki jita, ka kunna manhajar metronom a waya, wato mai buga maka ƙidaya daidai, a gudun da za ka ji kamar ya yi maka rarrafe. Kowane mako ka naɗi kanka sau ɗaya, ka saurara washegari, ba a ranar ba. Kada ka fara da buleriyas, komai son da kake mata. Tana da gudu, kuma yawanci daga 12 ake fara ƙirga ta, abin da ke rikita sabon shiga. Soleya tana tafiya a hankali, tangos kuma bugu 4 ne. Su biyun sun ishe ka shekara.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: sauraron jita zalla. Yawancinmu kiɗan Paco de Lucía ne ya jawo mu, sai mu ɗauka abin da yake yi shi kaɗai a kan dandamali shi ne ƙofar shiga. An haife shi a 1947 a Alhesiras, tun yana ƙarami mahaifinsa ya zaunar da shi a kan jita sa'o'i masu yawa kullum, ya yi wa masu rawa kiɗa, sannan daga 1969 ya shafe shekaru yana fitar da faifai tare da mawaƙi Camarón de la Isla. A filamenko waƙa ce uwa, jita rakiya take yi mata, kamar yadda ɗan amshi ke daɗewa a bayan ubangidansa kafin a ji muryarsa ita kaɗai. Don haka ka riƙa kunna waƙa kana bin mawaƙin da haɗin sauti huɗu kawai, waɗanda ake rubutawa Am, G, F, E. Wannan gangarowar ita ce ƙashin bayan soleya. Idan muryarsa ta fi jitarka tsayi, ka ɗaura sehiya, wato ɗan maɗaurin da ake sawa a wuyan jita, ka matsar da ita har ku haɗu. Ko ba ka jin Sifaniyanci, za ka fara jin inda ya ja numfashi da inda yake jiran ka rufe masa.

Sai hannun dama. Wanda ya taɓa kaɗa wani irin jita yakan zuba ido a kan hagu, alhali sautin filamenko a dama yake. Rasgeyado, wato watsa yatsu ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyoyi da bayan farce, ba da ƙarfin damtse ake yin sa ba. Kowane yatsa ya fita shi kaɗai, ya saki, sannan na gaba ya biyo. Danne tsirkiyoyin da hannun hagu, ka yi shi a hankali har ka ji kowane bugu daban. Babban yatsa kuma, idan ya bugi tsirkiya, ya sauka ya kwanta a kan ta ƙasa da ita. Mutane na raina shi suna hanƙoron gudun fikado, wato jera sauti ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, amma a saurari makaɗi Diego del Gastor na garin Moron a ji yawan abin da babban yatsa ke iya faɗa. Farce ya ɗan wuce tsoka kaɗan, a goge bakinsa ya yi santsi. Dogon farce maƙalewa yake yi.

A nan ne shekaru ke da magana. Jijiyar ɗan hamsin ba ta yafiya kamar ta ɗan goma sha biyu. Minti 20 da safe, 20 da dare, sun fi awa uku a ranar Asabar. Gajiya daban, zafi daban: idan wuyan hannu ko gwiwar hannu ta fara zafi, ko yatsu suka yi sanyi kamar ba naka ba, ka tsaya, in ya ƙi wucewa ka ga likita.

Game da jitar kanta, mai tsirkiyar ƙarfe ba ta wannan aiki, farce za ta cinye maka. Nemi mai tsirkiyar nailan. Ta filamenko ta ainihi ba ta da nauyi, tsirkiyoyinta sun kwanta kusa da katako, amma jitar kilasik ma za ta yi, in ka manna mata siririyar robar kariya a fuska, don ana ƙwanƙwasa fuskar da farce. Mu da ke fama da hunturu kuma, bushewar iska tana tsaga siririn katako. A riƙa mayar da ita akwatinta, tare da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huhhuda, kada ya taɓa jikinta.

Bidiyon koyarwa sun yi yawa a YouTube, kuma tsalle daga wannan zuwa wancan yana barin mutum da guntaye ashirin da ba sa haɗuwa. Zaɓi mai koyarwa ɗaya ka bi shi daga farko. In da hali, ko sau ɗaya a wata uku, ka biya wani makaɗi ya saurare ka ta intanet. In babu, ka koya wa wani a gida tafin bugu 12. Ni 'yata na koya wa, cikin mako biyu ta riƙe shi, kuma yanzu da na kauce take daina tafi ta ce, "Baba, sake."