Yadda za ka fara kallon ƙwallon Amurka daga Kaduna ba tare da ka yar da ta gida ba

Fara da sanin lokaci, don shi ne yake korar mutanenmu tun kafin su gane wasan. Gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, tana farawa a watan Satumba, a rufe ta da wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, Super Bowl, a Fabrairu, kuma yawancin wasanni ranar Lahadi ake yin su. Na farko yana farawa ƙarfe 6 na yamma agogonmu, na biyu tara da 'yan mintuna, na ƙarshe sai 1:20 na dare. Daga Lahadin farko ta Nuwamba Amurkawa suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, sai komai ya matsa gaba a wajenmu, na shida ya koma bakwai. Idan kana da shago a Kasuwar Barci ko ofis da za ka buga sammako ranar Litinin, na farkon shi ne naka. Na tsakar dare ka bar wa ɗalibai masu hutu da masu gadi.

A Satumba da Oktoba za a fara wasan ana shirin kiran magariba. Je ka yi sallarka a natse. Minti 60 ne a agogon wasa, kashi huɗu na minti 15, amma da tsaye-tsaye da tallace-tallace sai ya ci awa uku. Hutun rabin lokaci ma yakan faɗo kusa da isha'i.

Inda za ka kalla kuwa, tashar ESPN da ke kan DStv tana nuna wasu wasannin kai tsaye, mai ƙarfin data kuma akwai Game Pass, tsarin biyan kuɗi na kallon wasannin NFL, a manhajar DAZN. Amma ni shawarata ga sabon shiga ita ce ya yi mako biyu ko uku yana kallon taƙaitattun wasanni a shafin NFL na YouTube, minti goma zuwa sha biyar kowanne, kafin ya zauna wa cikakken wasa. Gidan kallo kada ka sa rai da yawa, domin lokacin ya haɗu da ƙarshen wasan Firimiya da farkon na Sifaniya. Ranar da na fara tuntuɓar mai gidan kallon layinmu a Tudun Wada, kallona ya yi ya ce, "Haba Malam, wannan kokawar ta masu hular kwano ce zan kori 'yan Madrid saboda ita?" Gaskiyarsa. Abin da ke aiki shi ne ku haɗu ku biyar ko shida, ku nemi ƙaramar talabijin ta lungu, ku biya kuɗin kujera, ku ƙara masa na man janareta. Murya a ƙasa, kada ku takali masu babban allo.

Dokokin wasan sun cika littafi, amma guda ɗaya ce ƙashin bayansa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma, yadin nan dai da ka sani a wajen tela. In ta ci, a sake ba ta huɗu sababbi. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Filin yadi 100 ne, da gida mai yadi goma a kowane ƙarshe. Wanda ya shiga gidan abokin hamayya da ƙwallo a hannu, ko ya cafe ta a ciki, ya ci maki 6, shi ne tocdawun ɗin da za ka ji mai sharhi yana tsage maƙogwaro a kai. Daga nan sai a buga da ƙafa tsakanin sanduna a ƙara 1, ko a sake gwada shiga gidan a ƙara 2. Idan an matso amma hanya ta toshe, sai a buga ta sanduna a karɓi 3.

Saboda haka idonka ya tsaya a ƙasan allo. Za ka ga lambobi biyu, misali 3 da 7. Ta farko tana gaya maka dama ta nawa ake ciki, ta biyu yadi nawa ya rage. Layin nan ruwan ɗorawa da ke ratsa fili, talabijin ce ta zana maka shi, 'yan wasa ba sa ganinsa, kuma nan ake son kaiwa. Dama ta uku ita ce wurin daɗi, a nan ake gyara zama, domin in aka kasa, yawanci a ta huɗu sai a narka ƙwallon da ƙafa can nesa don kada abokan hamayya su fara daga kusa. In ka ga alƙali ya wurga ƙyalle ruwan ɗorawa, an yi laifi, dakata da murna tukuna. Shi zai kunna makirufo da kansa ya faɗi laifin da lambar mai laifin, abin da har gobe nake fatan alƙalanmu su ara.

Mutum 11 ne a kowane ɓangare, amma ba su ke nan ba. Ƙungiya tana da 'yan wasa 53, masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugun ƙafa daban, kuma canji ba shi da iyaka. A makonnin farko ka bi mai jifa kawai, kwatabak, shi ne madugu. Bayan ka saba sai ka janye ido daga ƙwallo ka koma kan ƙartin nan biyar da ke tsaye gabansa. In suka riƙe masa daƙiƙa uku, an ci kasuwa. In suka ɓalle, ko gwanin masu jifa Patrick Mahomes ne sai ya sha ƙasa.

To, sai zaɓen ƙungiya, kuma a nan nake so mu ɗan jima. Ƙungiyoyi 32 ne, an raba su gida biyu, AFC da NFC, kowane gida da rukuni huɗu na ƙungiya hurhuɗu. Kowacce tana buga wasa 17, sannan 14 su wuce zagayen sili ɗaya ƙwale. Babu faɗawa ƙaramin rukuni. Wadda ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓar matasa daga jami'o'i a shekara mai zuwa, kuma akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Ma'ana babu wani attajiri da zai zo ya saye kofi da kuɗin mai. Ta ƙasa yau tana iya zama ta sama bayan shekara uku, don haka ɗabi'armu ta bin mai nasara ba ta da riba sosai a nan. Waɗanda suka rungumi New England Patriots saboda gwanin mai jifansu Tom Brady, da ya tafi a 2020 sun ji a jikinsu.

Hanya mafi sauƙi ga ɗan Kaduna ita ce ya bi ta ƙungiyarsa ta Ingila. Stan Kroenke mai Arsenal shi ne mai Los Angeles Rams. Iyalan Glazer da suka sayi Manchester United a 2005 su ne masu Tampa Bay Buccaneers. Shahid Khan yana da Fulham da Jacksonville Jaguars, masu San Francisco 49ers kuma su ke riƙe da Leeds. Sai dai na san 'yan United da yawa da jin sunan Glazer kaɗai ya isa su tsani Tampa Bay, wannan ma dalili ne, ba na hana kowa. Wata hanyar ita ce bin jinin gida. Christian Okoye haifaffen Inugu ya buga wa Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992, a 1989 ba wanda ya kai shi cin yadi da gudu a duk gasar. Osi Umenyiora ya ɗauki Super Bowl biyu da New York Giants. Yau ma ka duba bayan riguna, sunayen Ibo da Yarabawa ba sa ƙirguwa.

Amma kafin ka ba wata ƙungiya zuciyarka, ka binciki yadda take da garinta. A Amurka ƙungiya kadarar mutum ce, in ya ga dama ya naɗe ta ya kai wani gari. A 1984 cikin dare aka loda kayan Baltimore Colts a manyan motoci aka nufi Indianapolis, mutanen gari suka wayi gari ba ƙungiya. Kroenke ya ɗauke Rams daga St. Louis a 2016, Chargers suka bar San Diego a 2017, Raiders suka bar Oakland suka koma Las Vegas a 2020. Mutanen Cleveland da aka kwashe tasu a 1996 sun yi tsaye har aka bar musu suna da launin riga, aka dawo musu da ƙungiya a 1999. A 2017 ta buga wasa 16 ba ta ci ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa zuwa Super Bowl ba, amma har yau suna nan cikin sanyi suna ihu. Ni Green Bay Packers na ɗauka, dalilina kuma ɗaya ne: ba ta da maigida. Magoya baya ne ke da hannun jarinta, jarin da ba a raba riba a kansa. Garin bai fi mutum dubu ɗari da 'yan kai ba, filinsu na Lambeau yana ɗaukar sama da 80,000, kuma mutum yakan rubuta sunan jaririnsa a layin jiran tikiti.

In ka zaɓa, ka nemi abokan gabarta ka sani, domin 'yan rukuni ɗaya sau biyu suke haɗuwa duk shekara, a nan gaba take tsiro. Ɗan Packers ba ya yi wa Chicago Bears fatan alheri. Ɗan Pittsburgh Steelers da ɗan Baltimore Ravens ba sa ga maciji. Dallas Cowboys kuwa kowa na da izinin tsokanarsu, rabonsu da kofi tun Janairun 1996, amma duk shekara magoya bayansu sai sun ce bana tasu ce.

A majalisa akwai ladabi. Kada ka zo wa mutane da ƙwallon Amurka kamar wanda ya dawo daga Makka da tsaraba, kana raina wadda suka sani. Kada ka ce ta fi tamu, ba ta fi ba, daban ce kawai, kuma wanda ya ce maka tsaye-tsayen sun yi yawa bai yi ƙarya ba. In dattijo ya ce "Yaro, wannan ai dambe ne da riga," ka ce "Haka ne Baba, amma duba wancan mai lamba 10, ka ga inda zai jefa." Mutum ɗaya za ka nuna masa, wasa ɗaya, ka ja bakinka. In kuna musu tsakaninku masu kallo, ka kawo hujja daga abin da ka gani, ba daga jadawalin da ka haddace a waya ba. Sannan musun wane ne gwani na gwanaye an riga an kashe shi, Brady yana da kofin Super Bowl 7, fiye da kowace ƙungiya, tunda Patriots da Steelers shida-shida suke da shi. Ku nemi wani abin ku yi musu a kai. Caca kuma, wadda tallarta ta cika wayoyi, kada ka bari ta raɓi wannan sha'awa. Wanda ya sa kuɗi ya daina kallon wasa, lissafi yake yi.

Akwai tambayar da za a yi maka, gara ka shirya mata: kai da ka san sunan mai jifan Green Bay, wa ke tsaron ragar Ranchers Bees? In ba ka da amsa, an kayar da kai, kuma da gaskiya. Duk abin da ya burge ka a wajen mutanen Cleveland ko Buffalo, waɗanda ƙungiyarsu ta je Super Bowl sau huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994 ta faɗi duka, ba wani abu ba ne illa ƙungiyar garinsu suke bi. Ba sa tsallake teku neman wadda za su so. Mu ma ba daga sama muka faɗo ba. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, ta zo ta ɗauki kofin WAFU a 1989. Daga nan Daniel Amokachi ya fito. Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro, duk 'ya'yan garin nan ne. Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fanareti ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Filin Ahmadu Bello ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Ƙungiyoyinmu sun sha fama tsawon shekaru a ƙananan rukunai, na sani, amma Kanawa ba su bar Pillars ba ko da ta faɗi, kuma ba su fi mu ƙafafu ba.

Abin daɗin shi ne lokutan ba sa karo. Wasan gida yawanci ƙarfe 4 na yamma ake take shi, ya tashi wajen 6. Ka yi la'asar, ka hau Keke Napep zuwa fili, ka sayi tikiti da kuɗinka maimakon neman wanda zai shigar da kai ta ƙofar baya, ka ja ƙaninka ko ɗanka. In babu wasan rukuni a makon, akwai gasar unguwanni a Rigasa, Kawo, Badarawa da Unguwar Rimi, inda za ka ga yaron da gobe za a yi musu a kansa. Kana fitowa ka yi magariba, ka tarar da na Amurka bai yi nisa ba. Daga Nuwamba ma har tuwo za ka ci kafin a fara.

Sai daren Super Bowl, wanda shi kaɗai na yarda mai iyali ya yi wa kwanan zaune. Ana farawa 12:30 na dare, wayewar Litinin, a tashi wajen ƙarfe huɗu. Fabrairu ne, sanyin hunturu bai gama tafiya ba, don haka ka zo da rigar sanyi da bargo. Ku zaɓi gidan wanda ke da sola ko inbata, don janareta a wannan lokaci neman faɗa ne da maƙwabta. Ku yi karo-karon tsire da burodi tun da yamma kafin masu nama su tashi, a cika fulas biyu da shayi. Hutun rabin lokaci na wannan dare ya fi na kullum tsawo saboda mawaƙa, lokacin ne za ku rage murya ku sake ɗora ruwan zafi. Ka sanar da uwargida tun ranar Juma'a, ka sa ƙararrawar asuba a waya biyu, kuma duk wani muhimmin alƙawari na safiyar Litinin ka ɗaga shi zuwa bayan azahar.